Kofin Pearline

Charleston,
12 ga Oktoba.

Zuwa ga Goggo Earline,

Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da duk mutanen gida a Detroit. Yaya ƙafar taki? Allah ya sa sabon maganin ya karɓe ki, ya kuma raba ki da sanyin garin nan naku da ya kusa shigowa. Mu dai lafiya lau muke. Ƙaninki, Baba, ya koma aikinsa a tashar jiragen ruwa ta Jacksonville, yana nan da ƙorafin bayansa, kuma har yau ya ƙi zuwa asibiti. Na san za ki yi dariya ki ce yau Jonelle ce da biro da takarda, yarinyar da ko a coci wayarta na kan cinya. To ke kika ce ba kya buɗe saƙon waya, maganar nan kuma ba ta saƙon murya ba ce. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda na tsaya a makaranta.

Kin tuna Renita, ƙawata da muke kitso a shago ɗaya? Mun samu aiki a wani shagon a nan Charleston, sai muka ce mu biyo bakin teku a motarta, a hankali, mu kwana huɗu wajen kakanninta a tsibirinsu da ke kudu da Savannah. Ran Litinin muka ajiye motar muka shiga jirgin fito. Goggo, ban taɓa ganin karɓar baƙo irin tasu ba. Kakarta, Mama Ozella, ba ta gani sosai yanzu, sai ta shafa fuskata da hannu, ta ce wannan ramammiyar ce kika kawo mini, ashe a Jacksonville ba a dafa abinci? Kafin in ajiye jaka an cika mini faranti da jar shinkafa da jatan lande da kuɓewa. Mijinta, Baba Lucius, ya zauna yana fasa mini kaguwa da hannunsa yana tsokanata, wai ni ce amaryarsa ta biyu, da sharaɗin in saki mijina na farko, wato wayata. Suka ba ni sabon ɗakin da suka ƙara a baya. Duk gidan, rufin baranda da tagogi, an shafa shuɗin fentin nan na tsare gida daga fatalwa, ban da ɗakina. Mama Ozella ta ce wata uku tana fama da tsohon ragon nan ya shafa. Shi kuma ya ce matattun tsibirin duk abokansa ne, ba mai shigo masa gida ba sallama.

Damuwata ɗaya, babu sabis a gidan. Ran Talata da safe na fita ina ɗaga waya sama kamar mahaukaciya, na bi wata 'yar hanya har na shiga ƙarƙashin manyan itatuwan nan masu reton ciyawa kamar gemu, kusa da fadamar ruwan gishiri. Guguwar bara ta kayar da wasu, ganye ya rufe ko'ina. Nan na samu layi biyu na sabis. Ina tsaye ina duba saƙonni sai na hango wani abu fari a ƙasa. Kofin shayi ne na tangaram, ɗan ƙarami, da furanni ruwan hoda da zinariya a bakinsa, ya nutse rabi cikin ƙasa, gindinsa a huje. Goggo, na san abin da za ki ce. Kin sha gaya mana tun muna yara cewa abin da aka gani a kan kabari ba a taɓa shi. Amma ni a kaina makabarta tana da shinge da duwatsu masu suna, nan kuwa ba komai sai ganye da ɓawon kawa, dodon koɗin nan na teku. Na ɗauka ruwa ne ya kawo shi. Na kunna bidiyo ina surutuna, ku zo ku ga abin da na tsinta, na zaro shi, na ɗora a shafina, na jefa shi a jaka na dawo.

Tun daga abincin rana abubuwa suka fara. Mu huɗu ne a gidan, Mama Ozella ta jera faranti biyar. Renita ta ce Kaka, wa kike jira? Ta tsaya da faranti a hannu, ta ce ita ma ba ta sani ba, hannunta ne ya ƙirga haka. Karensu, Sarge, wanda jiya yake bina ko'ina, ya je ƙofar ɗakina ya kwanta, ya ƙura wa jakata ido, ko da ƙashi aka kira shi bai waiwayo ba. Da na shiga ɗaukar caja, ɗakin yana warin laka irin na lokacin da ruwan teku ya janye, alhali tagar a rufe take. Na taɓa jakar na ji ta a jiƙe daga ƙasa. Kofin kuwa a bushe na sa shi. Na ce wa kaina turarena ne ya zube, duk da hancina ya gaya mini ba shi ba ne. Da yamma na koma bakin hanya neman sabis, na ga wata mata ta rubuta a ƙarƙashin bidiyon: 'yarki ce ke buga cokali a baya? Na yi dariya na wuce, don ni kaɗai ce a wurin.

Ran Laraba na ji ainihin maganar. Wani kamfani ya sayi filin da ke gefen fadamar zai gina gidajen hutu, kuma hanyarsu za ta ratsa ta ƙarƙashin itatuwan. An yi ta rigima, daga ƙarshe aka ce ran Juma'a masu awon fili za su zo da wata mata daga hukuma. Duk kabarin da iyali suka nuna da alamarsa za a kafa masa tuta a kewaye shi, inda ba alama kuma mota za ta bi. Mama Ozella tana da 'ya a can, Pearline, 'yarta ta fari, zazzaɓi ya ɗauke ta tana da shekara shida, yau shekara hamsin da wani abu. Ba a sa mata dutse ba. An huje kofin da ta sha ruwa na ƙarshe da shi aka ajiye mata a kai, kamar yadda ake yi. Da can da wani itace take gane wurin, guguwa ta tumɓuke shi, saura kofin kaɗai.

Da hantsi suka tafi share kaburbura ita da Baba Lucius, ni ina baranda ina tsefe wa Renita kai. Sai azahar suka dawo. Gwiwoyin rigarta duk laka, ashe da hannu ta yi ta laluben ƙasa, ba ta samu kofin ba. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a kujerarta ta ce a hankali, "Lucius, na ɓatar da yarinyar." Baba Lucius mai barkwancin nan ya cire hularsa ya rasa inda zai ajiye ta.

Goggo, na gane kofin da ake nufi tun kafin a ambaci furanni ruwan hoda. Ba zan ɓoye miki ba, na yi tunanin in yi shiru, in lallaɓa in jefar da shi ko'ina a cikin itatuwan su tsince shi. Amma da sai a kafa tuta a kan ƙasar banza, mota ta bi ta kan Pearline. Na tashi na tsallake karen, na ɗauko kofin, na durƙusa a gabanta na sa mata a hannu. Renita ta fara zagina, wai ke wace irin jaka ce, a gidan mutane. Mama Ozella ta ɗaga mata hannu ta tsayar da ita. Ta shafa kofin ta kewaye bakinsa da yatsa, ta ce ashe shi ya sa ta jera faranti biyar, yarinyar ta biyo kayanta gida. Sannan ta juyo wajena ta ce, "'Yata, ba faɗa zan yi miki ba. A ina kika ɗauka?"

Ban sani ba, Goggo. Idona na kan waya lokacin da na shiga, yana kan waya lokacin da na fito. Muka koma mu huɗu muka yi ta zagaye har rana ta yi sanyi, kowane itace kamar ɗan'uwansa, ruwan teku kuma ya fara cikowa ya rufe gefen fadamar. Muka dawo gida. Duk da haka matar nan ta dafa mini miyar kawa, ta tsaya a kaina sai da na cinye, ta ce baƙo ba ya kwana da yunwa a gidanta ko me ya yi.

Ran Alhamis da safe na tuna bidiyon. Muka zauna a baranda muka haɗa kai a kan wayar. Baba Lucius ya ce yau dai kishiyarsa, wato wayata, za ta yi amfani, amma ba wanda ya yi dariya, har shi. A bidiyon ana ganin saiwar itacen da ya faɗi ta yi sama kamar yatsu, da wani kututture mai rami a hannun hagu. Ya ce ya gane wurin. Mama Ozella tunda ba ta gani sai ta ce in ƙara murya. Can ƙarƙashin surutuna, daidai lokacin da na zaro kofin, ana jin ƙis, ƙis, ƙis, sau uku, kamar cokali a jikin tangaram. Renita ta ce tsuntsu ne. Na ce ko ɗankunnena ne ya taɓa wayar. Mama Ozella ta ce a maimaita. Aka maimaita sau huɗu. Sai ta yi murmushi ta ce haka Pearline take yi idan tana son a kula ta, sau uku, kuma ta sha duka a kan hakan ba ta daina ba.

Muka jira ruwa ya janye muka tafi. Ina riƙe da waya ina gwada saiwa da saiwa har muka tsaya a wurin. Kwana biyu ganye yana zuba, ya rufe ko'ina har idon sawu, amma ramin da kofin ya bari yana nan a buɗe, zagaye, tas, ko ganye ɗaya bai faɗa ciki ba. Mama Ozella ta ce ni na ɗauka, ni zan mayar, kuma in yi magana da bakina. Na durƙusa na ce Pearline, ni ce Jonelle, baƙuwar mamanki, na ɗauki kofinki da rashin sani, ga shi na dawo miki da shi, ki yi haƙuri ki zauna a wurinki. Ya shiga ramin daidai. Da muka koma gida Sarge ya tashi daga ƙofar ɗakin ya zo yana lasar hannuna, Baba Lucius kuma ya ɗauko gwangwanin shuɗin fenti ya nufi ɗakina ba wanda ya sa shi.

Ran Juma'a aka kafa tuta ja a kan Pearline, matar hukuma ta rubuta sunanta. Na tura mata bidiyon don shaida, sannan na cire shi daga shafina.

Ga dalilin takardar nan. Da za mu shiga jirgi, Mama Ozella ta ba ni ƙullin shinkafa da kwalbar barkono, ta riƙe hannuna ta tambaye ni ina namu suke kwance, kuma me aka ajiye musu. Na ce mata ban sani ba. Na kira Baba daga hanya, ya ce shi yana yaro aka binne Kaka Hettie, mahaifiyarku, abin da ya sani kawai wajen garin Darien ne, bayan wata tsohuwar coci, kuma ke kika kai abin da aka ajiye mata kan kabarin da hannunki. Goggo, ke kaɗai kika rage da kika sani. Can ma ana sayar da filaye. Don Allah ki zauna ki rubuta mini, ko ki zana, wace hanya, wane itace, faranti ne ko fitila ko kwalba. In ƙafar ta bari ki zo a Nuwamba, ni zan tuƙa ki, in bar wayar a mota in kalli wurin da idona.

Ki gaida mini Kawu Roscoe, da Lavonne da 'yan biyunta, da Mama Tillie maƙwabciyarki in tana tuna ni. Renita tana gaishe ki. Mama Ozella ma ta ce in gaishe ki ko da ba ta san ki ba, wai kada ki bari sai gobe.

Taki 'yar, mai jiran amsa,
Jonelle