Ƙofar Da Aka Rufe Mana A Ƙauyen Gindin Dutse

Zuwa ga 'yata, takwarar Inna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga gare ni da duk mutanen gida. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yaran, Ya ƙara miki ƙarfin jiki da kwanciyar hankali a wurin aiki. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Babanki ya samu sauƙin ciwon bayan nan, har ya koma zuwa masallaci da ƙafarsa, sai dai har yanzu muna faɗa da shi a kan maganin da yake ɓoyewa ƙarƙashin matashi. Matar yayanki ta sauka ranar Talata, an samu mace, kuma duk wanda ya gan ta sai ya ce hancinki aka ɗauko aka manna mata.

Saƙonki ya same ni kwana biyu bayan dawowarmu. Kin ce abokan aikinki goma sha biyar sun zaɓe ki ki shugabance su a tafiyar buɗe ido da za ku yi wata mai zuwa, kuma tun ranar hankalinki bai kwanta ba. Na so in amsa miki ta waya, amma kin san halina, sai in bi ta nan in bi ta can ban kai ga abin da nake son faɗa ba. Shi ya sa na ɗauko biro.

A tafiyar buɗe idon da muka yi ƙasar waje, mu goma sha biyu ne, duk tsofaffin ma'aikatan jinya da muka yi ritaya daga asibiti ɗaya. 'Yata, shekarata sittin da uku, amma ban san haka duniyar Allah take ba. A rana ta biyu jirgin ƙasa ya shiga da mu wani rami da aka haƙa cikin dutse, muka yi ta tafiya cikin duhu har na ja carbi sau biyu, sai kawai ya fito. Ga duwatsu sun tokare sama, kawunansu fari fat da ƙanƙara, girgije na yawo a ƙugunsu kamar hayaƙin murhu. A ƙasa kuma ga wani tafki mai launin da ban san sunansa ba, tsakanin shuɗi da kore, kana ganin tsakuwar da ke can ƙasansa. Mata goma sha biyu da ba su taɓa yin shiru tare ba tun da na san su, ranar babu wadda ta ce uffan. Ni dai na ji hawaye na bin kumatuna, bakina na ta subhanallahi ban san lokacin da na fara ba.

To, amma kallo daban, zama da mutane daban. Kafin kwana uku mun fara gajiya da juna. Akwai tsohuwar shugabarmu ta asibiti, wadda har yau muke kira Shugaba, ita tafiya take kamar an kira ta ɗakin haihuwa. Akwai abokiyar ɗakina da muka sa wa suna Mai Hoto, don ko kofin shayi ba ta sha sai ta ɗauke shi a waya. Ga ni kuma da gwiwata, kullum ni ce a ƙarshen layi ina haki. Wadda ta riƙe mu ita ce jagorarmu, wata 'yar siririyar mata 'yar ƙasar, mai yawo da jar laima don mu riƙa hango ta cikin taro. Daga wurinta na ga abubuwan da nake so ki riƙe. Duk inda muka sauka ko muka hau sai ta ƙirga mu, ko da minti biyu muka tsaya. Ta haɗa mu biyu-biyu, kowa da wadda za ta nema idan ba ta gan ta ba. Ta ba kowa katin masaukinmu ta ce a sa a aljihu, ba cikin jaka ba. Kafin mu watse a ko'ina sai ta nuna mana wurin haɗuwa da hannu, ta sa mu maimaita lokacin da bakinmu. Kuma da ta ga yadda nake fama, sai ta mai da ni gaba kusa da ita, ta ce tafiyar jama'a da ƙafar mafi rauni ake auna ta. Shugaba ba ta ji daɗi ba, amma daga ranar ba a ƙara barin kowa a baya ba.

Ki raba ɗakuna bisa ga yadda mutane ke barci, ba bisa ga ƙawance ba. Ki bar musu rabin yini babu tsari, kowa ya huta da kowa. Ki gaya wa jagora lokutan sallarku da abin da ba ku ci tun kafin ku tashi, don kada a kawo abinci ku zauna kuna yamutsa fuska a gaban wanda ya dafa. Idan kun yi alwala a banɗakin jama'a, ku goge ruwan da ya zuba. Ku rage murya cikin mota da jirgi, don mu abin da muke kira hira, wasu faɗa suke ɗaukarsa. Duk waɗannan ƙanana ne. Babban shi ne abin da ya same mu a rana ta biyar.

An kai mu wani ƙauye a gindin dutse, lunguna ƙanana shimfiɗe da duwatsu, kowace taga da tukunyar fure. Tun cikin mota jagora ta ja mana kunne cewa mu ɗauki hoton gini da dutse yadda muke so, amma kada mu ɗauki mutum sai mun tambaye shi. Mai Hoto a lokacin tana fama da wayarta, ba ta ji ba. Muna cikin tafiya muka iske wata tsohuwa zaune a bakin ƙofarta tana saƙa, ƙofar a buɗe a bayanta. Kafin wani ya ankara, Mai Hoto ta matsa daf da ita ta ɗauka, ta sake ɗauka. Tsohuwar ta miƙe zumbur, zaren ya faɗi ya gangara cikin lungu. Ta ware hannuwa ta tare ƙofar da jikinta, ta faɗi wata magana da harshensu, sannan ta shige ta rufe. Maƙwabta suka leƙo. Mai kantin da ya gama yi mana murmushi ya juya mana baya.

Ban taɓa ganin fuskar jagorarmu ta canza ba sai ranar. Ta tara mu gefe ta ce shekara takwas tana kawo baƙi ƙauyen nan, kuma da wannan sharaɗi ɗaya mutanen suka yarda da ita. Idan maganar ta kai ga dattawansu, ƙila mu ne baƙinta na ƙarshe a nan. Sannan ta karɓi wayar Mai Hoto ta buɗe hoton ta nuna mana. A bayan tsohuwar, cikin ɗaki, ga wani dattijo kwance a gado, bargo ya zame daga jikinsa. Mijinta ne, ba ya iya tashi, kuma tana buɗe ƙofar ne kullum don ya riƙa ganin dutsen da ya yi kiwo a kansa duk rayuwarsa. 'Yata, kunya ta rufe ni har ƙafa. Mu fa, da muka yi shekara talatin muna jan labule don suturta marar lafiya!

Nan Shugaba ta yi kuskuren da nake roƙonki kada ki yi. Ta hau Mai Hoto da faɗa a tsakiyar lungu, da muryar da take yi mana a asibiti, har tagogi suka ƙara buɗewa. Mai Hoto, da kunya ta riga ta cika ta, ta mayar mata cewa ta daina zama ƙarƙashinta tun ranar da suka ajiye aiki. Nan take muka rabu gida uku, wasu na cewa ai an yi gargaɗi, wasu na cewa ai ba da gangan ba ne, wasu na cewa mu koma mota kawai. Zumuncin shekara talatin na gani yana shirin tsagewa a ƙasar mutane. Idan wani naki ya yi laifi, ki ja shi gefe. Gyaran ɓarnar ake fara yi, faɗa ya biyo baya in ma akwai buƙata.

Na roƙi Shugaba ta kai sauran bakin wani rafi da ke gefen ƙauyen su jira, na ce babu mai iya riƙe su sai ita, kuma gaskiya na faɗa. Sannan na tambayi jagora yadda mutanen nan ke ba da haƙuri, don ba kowace ƙasa ce ke yi irin namu ba. Ta ce kada mu je da yawa, kada mu kai kyauta, za a ga kamar sayen bakinta muka zo yi. A ƙwanƙwasa sau ɗaya, a ja da baya, a jira. Ta koya mana kalmar neman afuwa da harshensu. Na tsinto zaren da ya faɗi na naɗe shi, muka je mu uku, ni da Mai Hoto da jagora. Mun fi minti ashirin a tsaye, gwiwata na zugi. Har na fid da rai, sai ƙofar ta buɗe kaɗan.

Mai Hoto ta nuna mata hotunan biyu, ta goge su a gaban idonta, ta faɗi kalmar nan. Ta faɗe ta a karkace, ta sake, ta ƙara karkatawa. Tsohuwar ta dube ta ta daɗe, sai ta faɗi kalmar a hankali yadda ake faɗinta, kamar malama da ɗaliba, Mai Hoto ta maimaita. Na miƙa mata zarenta da hannu biyu. Ta karɓa, ta ja da baya, ta yi mana alamar mu shigo. Na ga takalma jere a bakin ƙofa, sai na tuɓe nawa, sauran suka bi. Idan ba ki san abin yi a gidan mutane ba, ki dubi ƙafarsu da hannunsu, za su gaya miki.

Ɗaki ne ƙarami, rufinsa na katako har kaina na kusa taɓawa. Agogo a bango, kwalaben magani jere a kan taga daga babba zuwa ƙarami, gado an juya shi yana fuskantar ƙofa. Babu wari ko kaɗan, kuma kin san hancin ma'aikaciyar jinya. Ta bakin jagora muka ji cewa shekara shida ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, 'ya'yansu suna aiki a nesa, ita kaɗai ke kula da shi. Da aka gaya mata aikin da muka yi, sai ta yi wa mijin magana a kunne, ya lumshe ido alamar yarda, ta ɗaga bargon ta nuna mana dugadugansa da gwiwar hannunsa da kafaɗarsa. 'Yata, shekara shida a kwance, babu gyambo ko ɗaya, fata sumul kamar ta jariri. Mu da muke da ma'aikata da kayan aiki, sau nawa muka kasa haka cikin wata biyu? Matar da ba ta kai kafaɗata ba, duk bayan awa biyu take juya shi, da wani zane da ta ninka ta shimfiɗa ƙarƙashinsa, kuma ba ta taɓa tsallake lokaci ba. Agogon ya buga muna nan, ta miƙe, Mai Hoto ta tambaya ko za ta yarda mu kama mata. Ta yarda. Muka juya shi mu uku, ita ce ke ba da umarni, mu ƙwararru muna bi. Na ga duwatsu masu taɓa girgije a tafiyar nan, amma babu inda na ji ƙanƙantata kamar cikin ɗakin nan.

Da muka koma bakin rafi, na ba su labarin abin da muka gani. Tambaya ɗaya Shugaba ta yi, wai har dugadugan ma babu komai? Mai Hoto ce ta amsa mata, ta ce ko ja babu. Shugaba ta girgiza kai ta ce da wannan mata a asibitinmu take, da ita za ta bar wa kujerarta. Daga nan suka ci gaba da magana kamar ba su ne suka yi cacar baki ba. Hanyar komawa mota kuwa ta lungun nan ta bi. Muna shigowa muka ga ƙofar a buɗe wangale, tsohuwar ta koma kan saƙarta. Babu wanda ya ce a yi, amma kowa ta sa wayarta a jaka, muka wuce ɗaya bayan ɗaya, idonmu a ƙasa. Ni ce kusa da ƙofar, kuma na kasa daurewa, na ɗan saci kallo. Dattijon ya ɗaga hannunsa mai lafiya, yana riƙe da shi a sama har ta ƙarshenmu ta wuce.

Ki je da zuciya ɗaya, Allah zai dafa miki. Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, da surukarki, ki ce ina yi mata addu'ar samun sauƙin idon nan. Ki shafa mini kan 'yan biyu da Autarki. Babanki da Ummanki suna gaishe ki, haka Kawunki malamin makaranta da Baba Ƙarami da iyalinsa. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku goma sha shida cif, Ya nuna muku abin da zai ƙara muku imani.

Taki har kullum,
Goggonki.