Jar motar Auta da gwiwar Uwargida

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ku lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara masa sauƙin idon nan. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Uwargida da take nan jiya i yau. Har yanzu autarki ce ke kai ta asibiti wajen gashin ƙashi kowace Talata.

Kafin in amsa miki maganar mota, bari in soma da wata jita-jita. Wata uku da suka wuce wanzamina ya ce mini, yana riƙe da kunnena, wai an ga jar motar Auta ta wuce a babban titin bayan gari kamar an harbo ta, kuma tsohuwar da ke gaba tana nuna hanya da sanda tana dariya. Na ce masa ya kula da askarsa. Matar da na zauna da ita shekara arba'in da ɗaya, ko keke ya gifta sai ta yi salati. Daga baya mai facin bakin layinmu ya maimaita, shi ma na ce rana ce ta buge shi.

To, kin rubuto in hana Auta canja mota. Ga yadda abin yake. Tata ƙarama ce mai gajeren baya, irin wadda ake ɗaga ƙofar but ɗin sama, amma an cusa mata injin da ya fi ƙarfin jikinta. Wadda take so kuwa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, in kin gan su ba kya rabewa. Sai dai sabuwar ta fi ƙarfi, birkinta ya fi kamawa, salansarta biyu, kuma an sauke ta ƙasa da kamar yatsu uku. Bakaniken Auta ya ce an taurara ƙafafunta don kada ta yi tangaɗi a kwana. Na ce wato a ƙara kuɗi a rage taushi. Ya ce haka masu abin suke so.

Ban hana ta ba, ban kuma sa ta ba. Na dai ce in za ta gwaji ta tafi da mu, tunda kujerar gaba ta Uwargida ce. Muka je wurin sayar da motar ranar Asabar. Wurin duk gilashi ne, ƙasa tana sheƙi, mai sayarwa ya sha taye a wuya yana ta kirana Baba. Da aka shiga motar, ni aka tura baya, gwiwoyina a haɓata. Kowane tudun rage gudu sai da na ji shi a haƙoran da suka rage mini. Auta kuwa fuskarta kamar ranar da ta gama makaranta, tana sauya giya tana cewa Kawu ka ji muryarta.

Shiga ba ta yi wuya ba, fita ce aiki. Kujerar mai zurfi ce, gefenta a tashe don ta riƙe mutum a kwana, ta kuwa riƙe Uwargida. Ƙafa ɗaya a waje, sanda a ƙasa, gwiwa ta ƙi. Sai da Auta ta kama hannu ɗaya, mai taye ya kama ɗaya, ni ina ba da shawara. Da Uwargida ta miƙe, Auta ta ɗan tsaya tana kallon kujerar, sannan ta miƙa wa mai taye makulli ta ce ta gode, tata ta ishe ta. Na san abin ya ci ta, shekara guda hoton motar nan yana kan wayarta.

Don haka ki kwantar da hankalinki, ba za a saya ba. Amma kada ki gode mini, kada kuma ki ce Auta ta yi hankali, don ba tsoron gudu ne ya hana ta ba.

Ki gaishe da maigidan, da babban ɗanki da amaryarsa, da 'yan biyu. Uwargida tana gaishe ki, ko da yake kwana biyu ba ta yi wa kowa magana ba, wai an fasa abin kirki saboda ita. Sai jiya muna zaune a baranda ta ce mini, shekara shida ke nan gwiwa ce ke yanke mata yadda za ta yi tafiya, daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa kujera. Minti goma na titin bayan gari a hanyar asibiti ne kaɗai gwiwar ba ta da ta cewa, kuma ita ce ke ce wa yarinyar ta taka. Wanzami ya faɗa na ƙaryata, mai faci ya faɗa na ƙaryata. Ta ƙarshen da ta faɗa mini ita ce mai sandar da kanta.

Yayanki.