Baba Ya Ƙi Shiga Tiyata Sai Ya Ji Muryarka

Sanyuanli, Guangzhou

Zuwa ga Yayana Abdulrasheed,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Anti Surayya. Ni da maigidana Ghali da yara, Hadi da Hikma, muna lafiya, Hikma ma ta fara takawa. Amma Baba ba shi da lafiya, Yaya.

Na kira wayarka har na gaji, na kira ta Anti, duk a kashe. Sai da Ghali ya tono lambar ofishin masaukin da kuka sauka a Kosta Rika, wata mata ta gaya mana cikin fara'arta cewa ai ofishin a gari yake, ku kuna can tsakiyar daji, kuma duk baƙon da ya shiga sai ya miƙa wayarsa a kulle masa a akwati, wai don hankalinsa ya huta. Na yi mata kuka kamar uwata. Shi ne ta ce in turo saƙo su buga a takarda, su sa a kwalekwalen da ke kai muku kayan abinci. Ban san ko kafin ya iso ya jiƙe ba.

Wallahi da ka turo mana hotuna ranar da kuka isa murna na yi. Ɗaki a saman bishiya, ba bango sai labule, teku a gabanku, birai na leƙenku, ga tafkin ruwan ɗumi naku ku kaɗai. Na ce Yaya ya sha wahala, gara ya huta. Amma yau in na kalli hotunan nan sai raina ya ɓaci. Wane irin jin daɗi ne za a raba mutum da wayarsa alhali yana da tsoho mai ciwon zuciya?

Ka san Baba ya zo baje kolin Pazhou kamar kullum, duk da mun hana shi. Yana tsaye yana ciniki da laoban ɗin nan, wato mai kamfanin da yake sayen injinan ban ruwa a wurinsa, sai ya dafe ƙirji ya yanke jiki ya faɗi. Likitoci sun ce jijiyoyin zuciyarsa sun toshe, dole a yi masa aiki kafin makon nan ya fita, in ba haka ba kada mu zarge su. Komai a shirye yake. Baba ne ya ce a'a.

Ba wuƙar yake tsoro ba. Wani ne ya taɓa gaya masa a ƙasar nan ƙone gawa ake yi, maganar ta zauna masa daram. Ghali ya rantse masa akwai maƙabartar Musulmi, har liman ya ɗauko masa, bai ko saurare shi ba. Ya ce shi a Kano za a binne shi kusa da mahaifiyarsa, kuma ba mai kwantar da shi a yanka sai ya ji da kunnensa babban ɗansa ya ɗauki alkawarin in bai tashi ba zai zo ya kai shi gida. Na durƙusa na ce ni na ɗauka. Ya dube ni ya ce ni mace ce, ko ƙofar maƙabarta ba zan taka ba. Ghali ya ce to shi fa? Ya ce ba a ɗora wa suruki irin wannan kaya. Iddrisu mutumin Kumasi, mai tura wa 'yan kasuwa kaya gida, ya ce ya san yadda ake fitar da gawa daga nan, sai Baba ya juya fuskarsa bango.

Abin ya yi mini ciwo, Yaya. Ni nake dama masa kunu in kawo tunda ya ƙi abincin asibiti, ni nake goge masa baki, ni nake fama da nas-nas da guntun Sinancina, amma in ya buɗe ido kai yake tambaya. Jiya leɓensa har ya yi shuɗi. Umma ba ta sani ba, na ce mata mura ce ta riƙe shi, saboda hawan jininta.

Ka gaida Anti Surayya, ka ba ta haƙuri na ɓata mata hutu. Ghali da Hadi da Hikma suna gaishe ku.

Don girman Allah, da ka karanta ka sa su buɗe akwatin nan, ko fasa shi za ka yi. Ba na neman ka taso yau, muryarka kawai nake nema. In Alhamis ta yi ban ji ka ba, zan shiga in ce masa ka kira yana barci, ka ɗauki alkawarin. Zunubin ƙaryar nawa ne, na yarda. Amma in Baba bai farka ba, ka sani da sunanka ya rufe ido, kuma kai za ka kai shi Kano.

Wassalam, ƙanwarka,
Najiba