Sunan Kakar Précillia

Lahadi, 6 Maris 2011, Stains

Hutu gidan Kawu Salifou. A metro ya ce in riƙe jakata, ga 'yan Rumaniya nan. Matarsa "Jitan" take ce musu, a lakwal, makarantarmu, kuma "matafiya". Ban faɗa musu ƙawata guda a duniya daga cikinsu take ba. Précillia ta ce ita Manush ce, zaman kakanninta a ƙasar nan ya girmi tashar jirgin Lyon.

Laraba, 16 Maris, Rillieux

Na shiga karaban ɗin kakar Précillia, gidan nan mai taya da mota ke ja! Kofuna na ƙyalli kamar ba a taɓa sha da su ba. Tsohuwar ta ci fanken Mama huɗu, ta kama haɓata ta ce idanuna na mafarki da yawa. Ko a littattafan soyayyata ban ga ɗaki irin wannan ba.

Talata, 29 Maris

Tsohuwar ta rasu.

Alhamis, 31 Maris

Sun ƙone karaban ɗin da duk abin da ke ciki. Da gangan. Kofunan, labulen, hotunan. Précillia ta ce kada kowa ya ci riba da kayan mamaci. Mama ta ce, "Mu har tabarma muke rabawa."

Asabar, 2 Afrilu

Na yi ɓarna. Mama ta soya fanke, ta ce ba a zuwa ta'aziyya hannu wofi. Na haddace gaisuwar tun cikin bas. Na durƙusa, na kira sunan tsohuwar, na ce Allah ya jiƙanta, ga abin da take so. Uwar Précillia ta juya baya. Ashe ba sa ƙara kiran sunan wanda ya tafi, abincin da yake so ma barinsa suke. Da kwanona na dawo.

Litinin, 4 Afrilu

Précillia ta zauna can bayan aji. Ban ci komai a ɗakin cin abincin lakwal ba.

Jumma'a, 8 Afrilu

Ta ajiye jakarta kusa da tawa. "Ke, Ummukulsum, bebiyar aji, ranar da kika buɗe baki sai da kika girgiza dangi guda." Na fara ba ta haƙuri, ta tare ni. Ta ce ta ji daɗin jin sunan sau ɗaya, daga bakin da ba a hana ba. "Amma kar ki sake."

Na ɗauki biro in rubuta shi nan, tunda ba mai gani.

Na fasa. Sunan ma dogo ne. Wata rana.