Abin da Tsohon Maigidana Zai Faɗa

Nima, daren Talata, farkon Rajab

Yau na je intabiyu na aikin direba a Tema. Manajan ya duba lasisina, ya ce, "Malam, me ya raba ka da tsohon maigidanka?"

Na faɗi gaskiya. Muna kasuwar Makola da maigida aka zo mini da rasuwar Baba, kuma da la'asar za a kai shi. Na miƙa wa maigida makullin motarsa, na hau trotro, motar haya. A wajen su maigida gawa takan yi wata a firji, ina zai gane gaggawata?

Manajan zai buga masa waya gobe.

Maigidan zai ce na yar da shi a kasuwa, kuma bai yi ƙarya ba. Amma da hannuna na kwantar da Baba a kabari. Wannan kam babu mai tambaya.