Keken da ke Ɗakin Kwano

Tibiri, ranar Laraba

Zuwa ga maigidana, Baban Lubna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya? Yaya Kwatano da jama'arta? Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara da ya hana kowa sakat.

Kekenka na nan a ɗakin kwano inda ka jingine shi. Ka ce cin rani ɗaya za ka yi, ga shi bazara ta biyu ta same mu. Duk Juma'a nakan goge shi, in ɗauki famfo in ƙara wa tayoyin iska, don ranar da ka sauka ka hau kawai. Abin mamaki, da safe in na latsa taya sai in ji ta ɗan saki, da azahar kuwa ta yi tauri kamar goruba. Har nakan ce a raina numfashi yake yi. Sai in zauna bakin ƙofa in lumshe ido, in gan mu a hanyar Dogon Dutsi, ni a baya, gero ya yi kore hagu da dama, kana ta mita wai na yi nauyi. Ina kewarka, ba zan ɓoye ba.

Taka,
Sahura

Tibiri, ranar Lahadi

Baban Lubna,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya. Innarka da Lubna na gaishe ka.

Shekaranjiya da azahar muka ji tau! Kaji suka watse, Inna ta hau salati. Ashe tayar baya ce ta fashe. Na tura keken wajen Ma'azu mai faci, kunya kamar in nutse. Ya yi dariya har da riƙe ciki, wai ni na kashe ta da kulawa. Ya ce iska kumbura take in ta sha zafi, ɗakin kwano kuwa tanda ne. Keken ajiya sassauta masa iska ake yi a rataye shi a inuwa, na hawa ake cikawa.

Ya sa sabuwar roba, ya ɗora famfo, sannan ya ɗago ya tambaye ni wace iska zai sa, ta hawa ko ta ajiya. Mutane na kallona, wallahi sai na baro keken can tayarsa a kwance.

Ma'azu na jiran amsa, ni ma haka. In ta ajiya ce, faɗa mini gaskiya, zan iya ɗauka.

Allah ya tsare mini kai.

Matarka,
Sahura