Ranar da Baba Ya Kira Gidan Rediyo

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidan da yara? Mu nan Kontagora lafiya lau.

Albishirinki! Gwamnati ta gyara gidan rediyonmu, shirin kiran waya ya dawo. Da aka gayyato kansilanmu, Baba ya kira kan famfon unguwa da ya lalace. Kin san Baba da gaisuwa. Yana ta tambayar iyali da gona har katinsa ya ƙare! Sai mai gabatarwa ya kira shi da kansa, ya ce, "Baba, mun amsa gaisuwa, saura tambaya." Jiya ruwa ya dawo.

Ki taya mu addu'a kada tashar ta sake mutuwa. Ki gai da kowa.

Ƙanwarki,
Hadiza